Ina Malaman Nan Biyu Suka Tafi?

Ƴan'uwa ɗalibai, ku yi mini haƙuri, yau da maganar wasa na zo muku. Na san a wannan ɗan littafi namu an saba ganin batun yajin aiki, ko auren wuri, ko halin ƴan ci-rani, sai ga wani ya taso da zancen wasan kwamfuta. Amma ku ɗan saurara, don wasan nan ya hana ni barci dare guda cur, kuma ba daɗinsa ne ya hana ni ba.

A babban hutun bara wani abokinmu da ke karatu a jami'ar Yamai ya dawo Damagaram da wata tsohuwar kwamfuta. Batirinta ya mutu tuni, sai an jona ta da kuran take tashi. A cikinta akwai wani wasa mai suna Civilization IV. Muka ɗora ta bisa benci a fadarmu, nesa kaɗan da gawayin shayi, muka riƙa karɓa-karɓa. In an ɗauke wuta mu koma ga belot, in ta dawo mu watsar da karta.

Bari in yi bayani saboda wanda bai taɓa ganin wasan ba. Wani mai tsara wasanni a Amurka, Sid Meier, shi ya fito da na farko a 1991, na huɗun kuma ya fito a 2005. Wasa ne na bi-da-bi kamar dara, ka taka, abokan karawarka su taka. Ba ya son saurin yatsa. Kana iya tashi ka yi alwala ka yi salla ka dawo, duniyar tana nan tana jiranka. Ana ba ka ƴan mutane kaɗan a shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa, ka kafa gari, ka yi noma, ka yi ciniki, ka yi yaƙi ko sulhu, har zuwa shekara ta 2050. A bugun da muka samu, wannan doguwar tafiya zagaye 500 ce. Kowane zagaye garuruwanka suna samar da abinci, da kuɗi, da ƙarfin aiki wanda ake ƙirgawa da alamar guduma. Kuɗin nan kana karkata wani kashi nasa zuwa bincike. Shi kuwa ilimi a jere yake kamar matakala, ba ka taka ta sama sai ka taka ta ƙasa: sai ka san rubutu kafin ka kai ga adabi, sai ka san takarda kafin ka kai ga ɗab'i.

To a cikin gine-ginen da ake yi akwai wasu na daban, su ne abubuwan al'ajabi. Dalar Masar, Ganuwar Sin, Hasumiyar Iskandariyya, da irinsu. Kowane ɗaya sau ɗaya tak ake gina shi a duk duniyar wasan. In wani sarki ya riga ka gamawa, ko da zagaye ɗaya ne, shi ke nan, wahalarka ta tafi, sai ɗan kuɗin da za a mayar maka na share hawaye. Shi ya sa gina su yake da fargaba, samunsu kuma yake da daɗi.

Ni Mali na ɗauka, Mansa Musa ne sarkina, babban birnina Tumbuktu. Na sa raina a kan Babban Ɗakin Littattafai na Iskandariyya. Guduma 350 yake ci, in kana da dutsen marmara aikin ya yi sauri ninki biyu. Ni ba ni da marmara. Na hana kaina soja, na hana kaina kasuwa, na sare dazuzzukan da ke kewaye da birnin duk na zuba a ginin, ina yi gabana na faɗuwa. Da na gama na buga ihu har mai haɗa shayi ya zubar da kumfa. Ladan ginin shi ne malamai biyu na kyauta. Suna zaune cikin birninka, ba su cin abincin gari, ba ka biyan su, aikinsu kawai su ƙara maka ilimi kowane zagaye. Da malaman nan biyu na tsere wa maƙwabtana. Ɗaruruwan shekaru na wasa ina gaba, kowa na zuwa roƙon ilimi a ƙofata.

Ranar nan sai masu bincikena suka gano wani sabon ilimi, wato hanyar binciken kimiyya, wadda ake gwada abu a auna shi kafin a yarda da shi. Na danna ina murna. Da zagaye ya juyo na duba lissafin ilimina, sai na ga ya ragu. Na ce kai, kwamfutar nan ta fara hauka. Ɗan jami'ar ya leƙo ya kwashe da dariya, ya ce in buɗe birnin in gani. Na buɗe. Ginin na nan tsaye da ginshiƙansa, amma malaman nan biyu babu su. Har gidajen masu ibada da karatu da na gina, waɗanda kowannensu ke ƙara kashi 10 cikin 100 na ilimin gari, su ma sun daina. Ya nuna mini wata ƴar kalma ta Faransanci a jikin bayanin ginin, «obsolète», ya ce ai tun ranar da na fara ginin an rubuta ajalinsa a nan, ni ne ban karanta ba.

Daga nan na bi sauran ɗaya bayan ɗaya ina karanta ajalinsu. Hasumiyar Iskandariyya, mai ƙara wa biranen bakin teku hanyoyin ciniki, tana dainawa ranar da ka iya kafa manyan kamfanoni. Gunkin tagulla na tsibirin Rodas, mai ƙara arzikin ruwa, yana dainawa ranar da ka san ilimin taurari, lokacin da jiragenka suka daina raɓe-raɓe a gaɓa suka shiga tsakiyar teku. Wanda ya fi ba ni dariya mai ɗaci shi ne Jami'ar Sankore ta Tumbuktu, wadda aka ƙara cikin wasan a 2006. Tana sa kowane ginin addinin ƙasarka ya riƙa haifar da ilimi, kuma abin da ke kashe ta shi ne gano kwamfuta. Ka ji fa. Ina zaune gaban kwamfuta, kwamfuta na faɗa mini cewa ita ce ajalin Sankore.

Ɗan jami'ar ya san tsofaffin bugun wasan, shi ya nuna mini cewa mutuwar nan iri uku ce. A Civilization II na 1996, da zarar wata ƙasa a duniya ta gano ilimin da ke kashe abin al'ajabinka, ya mutu, ko ba ka taɓa jin sunan ƙasar ba. Wani can bayan teku ya gano lantarki, kai a nan Ɗakin Littattafanka ya rufe. A na huɗu, da kuma na biyar na 2010 inda Ganuwar Sin ke daina tare maƙiya ranar da mai ita ya gano nakiya, da hannunka kake yanka abinka, sai ranar da kai ka koyi ilimin yake mutuwa. Na ukun kuwa, wato bugun 2001, shi ya fi tsaya mini a rai. A can aikin Ɗakin Littattafai shi ne ya ba ka kyauta duk ilimin da ƙasashe biyu da ka sani suka riga suka samu. Ilimin da ke kashe shi kuma shi ne na kafa manyan makarantu. To in ƙasashe biyu suka kai ga wannan ilimi, Ɗakin da kansa zai ɗauko ya miƙo maka, yana miƙowa yana mutuwa. Kyautarsa ta ƙarshe ita ce wuƙar da za ta yanka shi.

Nan gardama ta kaure a fada, kun san halinmu. Mai haɗa shayi ya ce shi daga yau ya daina gina abin al'ajabi, tunda duk ƙarshensa kango ne, gara ya zuba gudumarsa a kan mahaya doki ya je ya ƙwace na wani. Wani kuma, ɗan Tarminal kamata, ya ce shi ya ga dabara: sai ya ƙi binciken wannan ilimi, ya kewaye shi, ya bar malamansa biyu su ci gaba da aiki har ƙarshen wasa.

Duka biyun na yi tunaninsu a daren, duka biyun kuma ban yarda da su ba. Ga mai shayi, amsata ita ce: rijiyar da ta ƙafe bana, ruwan da aka sha cikinta shekara talatin bai koma ƙishirwa ba. Malaman nan biyu su suka kawo ni inda nake. Ba don su ba da ban kai ga hanyar kimiyya da wuri haka ba. In ka ce ba za ka gina komai ba sai wanda ba ya tsufa, to ba za ka gina ko rumbu ba. Ga ɗan ajinmu kuwa, na gwada dabararsa da kaina washegari, don na adana wasan kafin in danna. Gaskiya ne ana iya jinkirtawa, gwanaye ma suna yin haka na ɗan lokaci, su tsinci wasu ilimomin na gefe tukuna. Amma ƙofa ce, dole a bi ta cikinta. Ita ke nuna maka inda man fetur yake a ƙasarka. Bayanta ne ilimin fizik yake, mai nuna uraniyom, da ilimin halittu mai ƙara amfanin gona. Ɗan Nijar ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan ƙasar da ke zaune bisa arzikin da ba ta da ilimin haƙowa. Na yi ta jan ƙafa ina lallashin malamaina biyu, kafin in farga maƙwabcina ya iso bakin iyaka da bindigogin da ban san sunansu ba. Sabo turken wawa. Wanda ya ƙi ilimi don tsoron rasa abin da ya saba da shi, ƙarshenta zai rasa duka biyun.

In da a nan maganar ta tsaya, da ban ɓata muku takarda ba. Da sai in ce zamani riga ne, kowa ya sa tasa, mu tashi. Abin da ya hana ni barci wata tambaya ce ta wauta: malaman nan biyu, ina suka tafi? Wasan bai ce sun mutu ba, bai ce an ba su wani aiki ba. Zagayen da ya wuce suna nan, wannan zagaye babu su, lissafi ya ci gaba. Ba wanda ya tambaya ko suna da iyali.

Dalilin da ya sa tambayar ta kama ni shi ne na san ɗaya daga cikinsu. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina shekara shida.

Kawu marubucin wasiƙa ne. Tun kafin a haife ni yake zama a inuwar bedi kusa da gidan waya, da ɗan teburinsa da keken rubutunsa da ambulan da tambur cikin gwangwani. Wanda ɗansa ke Abijan ko Legas ko Libiya, kuma bai iya boko ba, wurin Kawu yake zuwa. Ya faɗi abin da ke ransa da Hausa, Kawu ya juya shi yadda zai shiga takarda. In amsa ta zo, shi ne dai zai karanta. Ya san asirin rabin unguwa, ban taɓa jin ya fitar da ko ɗaya ba. Da kuɗin wasiƙun nan, dala ashirin yau, dala hamsin gobe, ya saya mini kaye da bik, ya biya duk abin da lakwal ta nema, ya ɗinka mini kayan salla. Da salula ta shigo ciniki ya ragu, amma bai mutu ba, don kira waje yana da tsada, kuma tsofaffi sun fi yarda da abin da za su ajiye ƙarƙashin katifa.

Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu, ɗanta yana aikin gini a Libiya. Ita ce ta ƙarshe cikin masu zuwa kowane wata ba fashi. Shekara biyu da suka wuce ɗan ya aiko mata da babbar waya. Ta kira ni ta ce: «Ɗan nan, zo ka nuna mini yadda ake magana da wannan abu.» Na zauna bisa tabarmarta na buɗe mata WhatsApp, na nuna mata inda za ta danna ta riƙe ta yi magana, in ta gama ta saki. Na ce: «Inna, ba sai kin iya karatu ba, faɗa kawai za ki yi, zai ji muryarki.» Ta gwada. Kafin in sha ruwan da ta kawo mini amsa ta iso, muryar ɗanta, yana dariya yana cewa wa ya koya mata. Ta fashe da kuka, ta yi ta sa mini albarka. Na fito ina jin kaina kamar wani babban mutum. Wallahi ko sau ɗaya Kawu bai faɗo mini a rai ba.

Tun daga ranar ba ta sake zuwa inuwar bedi ba. Ta kuma koya wa ƙawayenta. Ni ban haɗa lissafin ba sai daren nan da na buɗe birnina na ga gurbin malamai biyu wayam. Sai na ga ashe duka mutuwar nan uku sun taru a kan mutum ɗaya. Wasu can wata ƙasa da Kawu bai taɓa gani ba suka ƙirƙiro saƙon murya, kamar a bugun 1996. Ni na cikin gidansa na danna da hannuna, kamar a bugun 2005. Ilimin da na yi amfani da shi kuma da kuɗin wasiƙunsa aka saya mini, kamar Ɗakin Littattafan 2001 da ke miƙo wuƙarsa da kansa.

To na yi laifi? Na juya tambayar nan ta kowace fuska kamar yadda mushenmu na filo yake sa mu yi. Da a ce na ƙi koya wa dattijuwar don in kare cinikin Kawu, da na zalunce ta. Uwa ce da ke jiran wata biyu ko uku kafin ta ji ɗanta yana raye, ga hanyar da za ta ji muryarsa kullum, in ɓoye mata saboda dala hamsin? Wannan ita ce dabarar ɗan ajinmu, a tsare mutane cikin duhu don tsohon gini ya ci gaba da aiki. Kuma ko na ƙi, wani yaron zai koya mata jibi. Saboda haka koyarwar ba laifi ba ce. In aka mayar da ni wannan rana zan sake koya mata.

Laifina yana wani wuri. Na yi shekara biyu ban lura ba. Ina ganin Kawu yana dawowa da wuri, ina ganin ya rage goro, ina ganin tiyar hatsi ta koma ana auna ta da ido biyu, ban taɓa tambayar kaina me ya faru ba. Na zama kamar mai wasan, idona yana kan lambar da ke sama, wadda ke nuna ci gaba, ban buɗe birnin na duba su wa suka ɓace ba.

A nan ne nake ganin wasan ya faɗi gaskiya rabi ya ɓoye rabi. Gaskiyarsa ita ce babu abin da amfaninsa ke dawwama, kuma sau da yawa abin da ya haifa shi ke maye gurbinsa. Abin da ya ɓoye shi ne hannun mutane. A wasa tsufan abu kamar saukar damina yake, lokaci ya yi, ya sauka, ba mai laifi ba mai lada. A tarihi kuwa ba haka abin ya kasance ba. Ganuwar Sin ba nakiya ta jira ba. A 1644 wani janar mai suna Wu Sangui ne ya buɗe wa Mancu ƙofar Shanhai suka shigo, fiye da shekara 200 kafin Alfred Nobel ya yi rajistar nakiyarsa a 1867. Hasumiyar Iskandariyya girgizar ƙasa ce ta rushe ta, daga baya wajen 1480 Sarkin Masar Ƙaitbay ya gina sansanin soja a gurbinta. Sankore kuma ba kwamfuta ta raunana ta ba. Sojan Maroko ne suka karya daular Songhai a Tondibi a 1591, kuma a 1594 aka kwashe manyan malaman Tumbuktu, cikinsu har da Ahmad Baba, aka tafi da su Marrakesh. Kun ga a nan tarihi ya san inda malaman suka tafi, ya san wanda ya tafi da su. Duk inda aka ce wani abu ya daina amfani, in ka tona za ka tarar da wanda ya yanke shawara, da wanda ya ci riba, da wanda aka bari a rana. Kalmar «zamani ne» da muke yawan faɗa, wani lokaci gaskiya ce, wani lokaci kuma bargo ce da wanda ya ci riba ke lulluɓa da ita don kada a tambaye shi.

Zan yi wa wasan adalci a kan abu ɗaya. Abin al'ajabin da ya daina aiki ba a rushe shi. Yana ci gaba da ba birnin martaba, abin da wasan ke kira al'ada, wadda ke faɗaɗa iyakar ƙasa ba tare da yaƙi ba. Ginin da ya shekara 1000 ma martabarsa ninkuwa take yi. Yana kuma ci gaba da taimaka wa birnin wajen haifar da manyan mutane. Wato aikinsa ya ƙare, albarkarsa ba ta ƙare ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mutanen da. Kawu ma haka ne. Har gobe in za a yi sulhu a unguwa shi ake kira, don ya san yadda ake jera magana ta shiga zuciya ba ta yi rauni ba. Saƙon murya yana kai abin da ka faɗa, amma ba ya gaya maka abin da bai kamata ka faɗa ba. Kawu kuwa sau nawa uba ya zo a fusace zai tsine wa ɗansa a takarda, ya sa shi ya zauna ya sha ruwa, suka rubuta wata wasiƙar daban.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu da wannan. Gini yana iya rayuwa da martaba kaɗai, don ba ya cin tuwo. Mutum kuwa girmamawa ba ta auna masa tiya a kasuwa. Mun iya yabon tsofaffi a baki, mu kira su taskar hikima a taron makaranta, mu tafa, mu watse, su koma gida ba cefane. In yabon bai zo da wani abu a hannu ba, to mun mayar da su kayan tarihi tun suna da rai.

Abin da na tsaya a kai ke nan. Mu ci gaba da neman ilimi, kada mu ja ƙafa, kada kuma mu hana wani. Amma duk wanda ya ci ribar sabon abu, to akwai bashi a wuyansa na mutanen da ke cikin tsohon ginin, musamman in da guminsu ya hau matakalar. Bashin nan ba tausayi ba ne da za ka yi in ka ga dama, hakki ne. Farkon biyansa shi ne ka buɗe birnin ka duba, ka san sunan wanda ya ɓace daga lissafi. Kowannenmu yana da nasa. Wani mahaifinsa telesantar yake da ita kafin salula ta cika gari. Wani yayansa mai ɗaukar hoto ne da wanke shi. Wata kakarta ce ke saƙa abin da yanzu ake kawowa na roba a farashin banza. Da kuɗin waɗannan sana'o'i aka sa da yawanmu lakwal.

Kuma kada mu manta layi ne, muna ciki. Mu da muke haddace darasi don bak, muna gina namu abin al'ajabi, shekara goma sha uku muna zuba guduma. A jikinsa ma an rubuta ajali da ƙananan baƙaƙe, mu ne ba mu karanta ba. Yau ga manhajojin da ke rubuta takardar neman aiki da Faransanci mai kyau kafin ka ƙifta ido, suna fassara, suna lissafi. Wata rana wani yaro da muka biya wa kuɗin kaye zai danna wani abu da murna, mu ɓace daga lissafi, shi bai ma lura ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yadda muka riƙe waɗanda muka gada, haka na bayanmu za su koya su riƙe mu.

Daga ƙarshe na je na faɗa wa Kawu. Na same shi da hantsi a inuwar bedi, ba kowa gabansa, yana goge haruffan keken da tsohon buroshi. Na durƙusa na ce: «Kawu, ni ne na koya wa Inna aika murya a waya. Ni na janye muku ita.» Ya ɗan yi shiru, bai ɗago ba. Can ya ce: «Yaron yana amsa mata?» Na ce kullum. Ya ce: «To alhamdu lillahi. Da sai ta yi wata uku tana zuwa tana tambayata ko an samu takarda, ni kuma ba ni da abin ce mata.» Ya ci gaba da goge haruffansa. Bai ce ya yafe ba, bai ce akwai abin yafewa ba. Ni dai na ga gwangwanin tambur ɗin ba komai cikinsa.

Yanzu duk ranar Asabar da safe ina zuwa in zauna kusa da shi. Masu neman a rubuta musu dimandi ko a haɗa musu dosiye har yanzu suna ɗan zuwa, sai dai ofisoshi sun fi son bugun kwamfuta. Kawu ya saurari mutum, ya tsara maganar, ni in buga a waya in ruga siber in fitar, kuɗin ya shiga gwangwaninsa. Bai kai na da ba, ko kusa. Amma ranar Asabar ɗin da ta wuce ya aike ni sayen goro.